Musayar Waƙa: Kalmar da Turanci Ya Kasa Ɗauka

Malam Umaru, Argungu:
Assalamu alaikum. Na buɗe da ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, kuma wanda zai amsa yana iya riƙe amsa-amona ko ya zo da nasa.

Bismillahi da shi nake farawa,
Mai raba harsuna, Gwanin tsarawa.

Ku zo Matan Fada ranar da ake su,
Ku ji sunayen da ke bakin Kabawa.

Homa daban ce, taru ma daban ne,
Birgi da koma, kowanne da wurin sawa.

Mai fassara ya tara su a suna ɗaya,
Sai ya bi da siffa yana lalubawa.

Kawu na uwa ne, baffa na uba ne,
Turanci ya haɗe su babu rabewa.

Ran ɗaurin aure baffa ne waliyyi,
Fassarar ta ɓoye wanda ke bayarwa.

Malama Hadiza, Gwandu:
Wa alaikumus salam, Malam. Kawu da baffa da gwaggo duk daga Fulatanci muka aro su, kuma sun zauna daram saboda zumuncinmu da na Fulani iri ɗaya ne. Ni abin da ya fi damuna shi ne kunya.

Uwa ta ƙi faɗin sunan ɗan fari,
Ta kau da kai ko da ya yo abin alheri,
Suruka ta shigo, an sunkuyar da kai da sauri,
Wannan ado ne a gun mu, babban tsari,
Mu kunya muke ce mata, abar yabawa.

Kalmar da Bature zai ba ka a nan,
Ta mai laifi ce da aka kama jiyan nan,
Kara da kawaici ba su cikin wannan,
Bafillace ya ce semteende, ya gane zancen nan,
Na London kuwa tausayin uwar yake farawa.

Malam Sani, Zuru:
Ina neman afuwar manyana, amma ban yarda a ɗora wa Turanci laifin shi kaɗai ba. Masuntan Ingila suna da sunayen komarsu iri-iri, sai dai ba su ne ke koyar da mu a makaranta ba. Hausa ma tana tuntuɓe idan ta shigo ƙasarmu.

Golmo a Dakarci, ku fassara mini shi,
Saurayi na noman gidan surukai nashi,
Shekara bakwai da sa'o'insa tare da shi,
Juriya ake aunawa, a san darajar shi,
In kun ce gayya, kun rage masa ƙima da yawa.

In kun ce sadaki, nan ma kun kauce,
Sadaki a miƙa, a shaida, a wuce.

Malama Hadiza, Gwandu:
Ka yi gaskiya, ƙanena. Shi ya sa Nana Asma'u ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana duba waɗanda za su saurara kafin ta zaɓi harshen da za ta isar musu da saƙo.

Malam Umaru, Argungu:
Malam Sani, hujjarka ta tsaya, amma nauyin bai zo ɗaya ba, domin da Turanci ake rubuta takardun kotu da na asibiti da jarrabawar 'ya'yanmu, kuma abin da ya zube a can yana iya jawo wa mutum asara. A 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin su, aka buga ƙamus ɗin Bargery na Hausa da Turanci, kuma duk wanda ya buɗe shi zai ga kalma ɗaya tamu ta ci layuka kafin a kusanci ma'anarta.

A bar golmo da sunansa a takarda,
A bi shi da sharhi gun masu karantawa.

'Yan'uwa na Yawuri, ku ne kuka rage,
Ku kawo na Gunganci, sunayen jiragen ruwa.