Malamina ya ce in sayi kwamfutar gem don aikin bincike, Abba ya ƙi yarda

'Yar Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Masu sanin kwamfuta, don Allah ku fitar da ni daga duhu. Ina digiri na biyu a kemistiri, aikina a kan wani sinadari ne da muke son ganin ko zai manne wa furotin na ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro. Ba a ɗakin gwaji zan yi ba, a kwamfuta ne, da manhajar GROMACS. Malamin da ke duba aikina ya ce laftof ɗina ba za ta kai ni ko'ina ba, in nemi mai GPU, wato katin sarrafa hoto, na kamfanin Nvidia.

Ranar Asabar muka je kasuwa da Abba. Ina faɗin abin da nake so, mai shago ya ɗauko wata ƙatuwa, madannanta na walƙiya ja da kore, ya ce, "Ai ta 'yan gem ce wannan, Hajiya." Abba bai ce uffan ba sai da muka shiga mota, ya ce shi dai kuɗin karatu ya sani, bai san na wasan yara ba. Wallahi na rasa amsar ba shi. Me ya haɗa gem da binciken magani?

Mai Tace Hoto:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni ban san kemistiri ba, tace fim nake yi a nan Titin Gidan Zoo, amma na san wannan katin, da shi nake cin abinci. Hoton da kike gani a talabijin ɗige-ɗige ne ƙanana. A girman 1920 da 1080, hoto ɗaya ya haura ɗigo miliyan 2, mu kuma hoto 25 muke jerawa a daƙiƙa guda. Kin ga sama da ɗigo miliyan 50 ke nan kafin ki kyafta ido sau biyu. Idan na gyara kala, ko na cire koren ƙyalle na sa jarumi a fadar sarki, kowane ɗigo sai an yi masa lissafinsa. Kafin in samu kati mai kyau, da daddare nake sa renda, wato kwamfuta ta fitar da fim ɗin da na tace, in kwanta a shago ina addu'ar kada wuta ta ɗauke. Yanzu kafin in gama shan shayi ta fito.

Malamin Fiziks:

Mai Tace Hoto ya yi rabin aikin. Malama, ki yi wa Abba misali da gayya. Furosesar da ke cikin laftof ɗinki kamar ƙwararrun manoma ne huɗu ko takwas, kowane aiki aka ba su sun iya. GPU kuwa 'yan gayya ne dubbai, ba su iya aiki mai sarƙaƙiya ba, amma a ba kowa kunyarsa su duƙa tare, gona ta tashi.

To aikinki gona ne. GROMACS za ta zuba furotin ɗin a cikin akwatin ruwa, ƙwayoyin zarra dubun dubata, ta lissafa yadda kowacce ke jan maƙwabtanta ko tura su, ta matsar da su kaɗan, ta sake lissafi. Kowane taku yawanci femtosakan 2 ne, wani ɗan mitsitsin lokaci da sai an tara miliyan ɗaya ake samun nanosakan guda, shi kuma nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Idan malaminki ya nemi nanosakan 100, taku miliyan 50 ke nan, kuma a kowane taku sai an bi ƙwayoyin nan duka. Katin bai san ko ɗigon hoto yake lissafawa ko zarra ba, lamba ce kawai a wurinsa.

Gaskiyar mai shago ne, don 'yan gem aka ƙera shi. Nvidia ta fitar da katin GeForce 256 a 1999 saboda su. Masu bincike ne suka lura da ƙarfin da ke kwance a ciki suka fara yi masa dabaru, har kamfanin ya fito da manhajar CUDA a 2007 don a riƙa rubuta masa lissafi kai tsaye. A 2012 wasu ɗalibai biyu da malaminsu a Jami'ar Toronto suka horar da manhajar gane hotuna a kan katin gem guda biyu, GTX 580, suka lashe gasa da rata mai yawa, kuma daga nan guguwar ƙirƙirarriyar basira ta yanzu ta taso. Wanda na fi son ba iyaye labarinsa ma na sojan saman Amurka ne: a 2010 sun haɗa PlayStation 3 guda 1,760 suka mai da su babbar kwamfuta ta bincike, don ta fi araha.

Wani lokacin ma 'yan fim ne ke ba masana. Da za a zana baƙin ramin sararin samaniya a fim ɗin Interstellar na 2014, masanin fiziks Kip Thorne ne ya ba masu zanen a Landan lissafin yadda haske ke lanƙwasa, kuma daga hotunan da suka fitar aka wallafa maƙalolin kimiyya a 2015.

Sai dai ba kowane aiki gayya ke yi ba. Haƙa rijiya ko mutum dubu aka tara, ɗaya ne zai shiga rami. Lissafin da sai an gama na farko kafin a taɓa na biyu, katin ba zai tsinana masa komai ba.

Injiniya Ba Lasisi:

Malam, bayani ya yi, amma ku daina zuga ta ta kashe kuɗin tsoho. Gem awa biyu ake yi a tashi. Nata aikin kwana da kwanaki zai yi katin na gudu ba hutawa. Laftof a zafin Afirilu, fanka na kuka, da kanta za ta rage gudu don kada ta ƙone. Batir kuma ba ya riƙe irin wannan aiki, ana ɗauke wuta an gama.

'Yar'uwa, fara tambaya ko sashenku na da kwamfutar tebur mai kati. In babu, gwada Google Colab, suna ba da aron GPU kyauta ta intanet. Yana yanke mutum bayan wasu awanni, amma GROMACS na ajiye inda ta tsaya, sai ki ɗora. In kuma sayen ya zama dole, ki rabu da fitilun madannai, ki duba sunan katin da yawan ma'ajiyarsa. Wani mai shagon zai ce miki "tana da girafis" alhali na Intel ne da ke haɗe da furosesa, CUDA ba ta aiki a kansa.

'Yar Tudun Wada:

Allah Ya saka muku da alheri. Jiya bayan isha'i na karanta wa Abba amsoshin. Maganar gayya ta shige shi, har ya ɗauko labarin gonar kakanmu. A wajen sojojin Amurka kuwa sai da ya sa na maimaita lambar. Amma shawarar Injiniya ya riƙe, tunda ita ce babu kuɗi a ciki. Na gwada Colab yau da safe, na tsaya a wajen girka GROMACS ta yadda za ta ga katin, sai jan rubutu take watso min. Injiniya, in turo hoton allon nan ka duba?