Na gaji da haya a Yamai, ina son in sai parsel wajen Libore, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah shawara nake nema, maganar nan ta hana ni barci kwana biyu. Shekarata 9 ina haya a Yamai, yanzu ina Talladje, ɗaki biyu da salo jika 60 duk wata banda ruwa da kuran, kuma mai gida ya aiko wai zai ƙara jika 10. Yara huɗu gare ni, babbar tana CM2, ajin ƙarshe na firamare. To wani abokin aikina ya kai ni wajen Libore ya nuna mini parsel, ba bisa gudron take ba sai ka sauka ka bi laterit kamar minti 10 da moto, metir kare 400 miliyon ɗaya da rabi. Kuɗin na hannuna, na adashe ne da na sa guda da na sa aka saida mini a gida. Wallahi wurin ya kwanta mini, shiru, ga iska, ga gonakin hatsi, ba hayaƙin mota ba ƙarar injin niƙa a bayan taga. Amma madam ta ce ita ba inda za ta, wai na ɗauko ta daga Konni don in maida ta ƙauye. Aikina kusa da Gran Marshe yake. Mai wurin ya ce in ba shi amsa kafin ƙarshen wata don akwai wani mai so. Waɗanda suka zauna irin wuraren nan ku faɗa mini gaskiya.

Tsohon maso:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tambaya ɗaya zan maka, wane wata ka je ka ga wurin? In da rani ne to ba ka ga komi ba. Fili a gefen kogin Isa, wato kogin Neja, da damina ake ganinsa, cikin Agusta, washegarin babban ruwa. Shekara 30 ina gini, na ga gidajen da muka yi wa fondasiyo mai kyau amma ruwa ya zo ya zauna a tsakar gida wata biyu saboda wurin tsohuwar fadama ce aka yanka. Ka tuna 2020 da Isa ta cika ta shiga Saga da Lamorde da Kirkisoy, mutane nawa suka kwana cikin lekol. Yankin Libore akwai tudu akwai kwari, ƙasan nan duk gonakin shinkafa ne har Ndunga, kuma ruwa ba daga kogi kawai yake zuwa ba, kori ma, wato magudanar ruwan sama, na saukowa daga tudu da yashi. Ka dubi ƙasar, in laka ce baƙa mai tsagewa ka gudu. Ka dubi gindin katangun maƙwabta, ruwa na barin zanensa ba ya ɓoyewa. Kuma kar ka tambayi mai saidawa, nemi tsohon da ke noma kusa da wurin ka ce masa baba ina ruwa ke tsayawa.

Ƴar Banifandu:
"Akwai wani mai so" hhhh. Yaya wannan waƙar duk dillalin fili ya iya ta. Kar ta sa ka gaggawa.

Ma'aikacin biro:
Ni batun takarda zan yi magana, don nan ne mutane ke kuka. Ka fara sanin cewa Libore ba cikin birnin Yamai take ba, komin ce ta kanta cikin departeman na Kollo, jihar Tillaberi, saboda haka duk binciken da za ka yi a merinsu za ka yi shi. Sai ka tambayi mai wurin wace takarda ke hannunsa. In wurin lotisma ne, wato yankan filaye na hukuma, da aka yi bisa ƙa'ida zai nuna maka akt de sesiyon mai lambar ilo da lambar parsel, ka ɗauki kofin takardar ka je meri a buɗe rajista a gani ko sunan da ke ciki shi ne na mai saida maka. In kuma gona ce ta gado aka yayyanka, abin da za ka gani takardar maigari ce ko ta kofo, wato kwamitin da ke kula da filaye a karkara. Ba wai ƙarya ba ce, amma ita shaida ce ta gona, ranar da lotisma ya zo ana iya fitar da hanya ta tsakiyar ɗakinka, ko wurin ya faɗa cikin filin lekol. Sannan gonar gado magada gare ta. Ƙanen babana ya saya hannun mutum ɗaya, bayan shekara huɗu ƴan uwansa suka dawo daga Kwatano suka ce ba da saninsu ba, har yau ana zuwa jastis. Ka sa duk magada su sa hannu, ka ɗauki jeyometir mai awon fili ya nuna maka borni huɗu na iyaka da idonka, kuɗi kuma a gaban noter ko aƙalla gaban shaidu da rubutu. Daga baya in hali ya samu ka nemi titir fonsiye, takardar mallakar fili, ita ce mai ƙarfin duka.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Baba maso cikin Maris na je, sau biyu. Takarda kuma gaskiya ban tambaya ba, abokina ne ya ce ya san mutumin.

Ma'aikacin biro:
Sanin mutum daban sanin fili daban, malam.

Ɗan Adar:
Ni hwa kar ku tsorata bawan Allah. Shekara shidda ke nan da munka baro Bukoki munka tahi hanyar Filinge kusa da Hamdallay, kuma ban yi nadama ba ko rana guda. Lokacin da munka zo gida ukku ne, yanzu har masallacin Juma'a akwai kusa. Ina da tumaki, ina da zabi, matata ta shuka zogale da yakuwa bayan ɗaki, rago na layya ban sake saye ba. Lazare da Bobiyel da Kwara Tegi da kuke gani ai da can duk gonaki ne, waɗanda sunka saya lokacin da ake musu dariya su ne masu gidan haya yau. Haya kuɗi ne kake zubawa rijiya. Mi za ka nuna ma ɗiyanka bayan shekara 20, rasi?

Maman ƴan biyu:
Ɗan Adar ka faɗi naka, ka bari matarka ta zo ta faɗi nata. Ni ina zaune hanyar Kollo shekara ta uku yanzu, kuma zan gaya wa mai tambaya abin da madam ɗinsa ke tsoro don ni na sha shi. Ku maza ƙarfe 6 da rabi kun hau moto kun shige gari, can za ku ci abinci can za ku zauna fada ku yi hira da abokai, sai bayan magariba a gan ku. Mace ita ke wuni da wurin. Watannin farko kuka nake yi wallahi, ba maƙwabciyar da zan leƙa in ce ara mini gishiri, waɗanda ke kusa Zabarmawa ne ƴan gari ni kuma Zabarmancina bai wuce fofo da mate gaham ba, sai da na dage na koya kafin na samu shiga cikin foyandinsu, wato taron wuni na mata. Mutanen kirki ne ba laifi, amma sai ka je musu suna da biki da gaisuwar mutuwa kafin su ɗauke ka nasu. Ga ruwa. Pampo bai iso mu ba, foraj ɗin wani bawan Allah muke saye, yaro na kawo bido da sharet, ranar wanki bido 10 ba ya isa, ranar da pompinsu ya lalace kuwa sai dai a yi taimama da kwanonin ma hhh. Sana'ata ta saida kankara da lemu ta mutu don ba kuran, pano biyu da bateri na ɗaukar ampul da banti da cajin waya amma ba sa ɗaukar firigo. Abin da ya fi tsaya mini a rai daren da naƙudar ƴan biyu ta taso, ƙarfe 2, a ƙaramin asibitinmu na CSI suka ce sai asibitin haihuwa na Isaka Gazobi a Yamai, ga laterit ta jiƙe ga ba taksi, sai wani maƙwabci mai tsohuwar mota aka buga wa ƙofa, Allah ya saka masa. Yanzu na saba, in na shiga gari ma kaina ke ciwo, kuma yara sun yi ƙiba suna wasa a fili ba tsoron mota. Amma da an tambaye ni tun farko da na ce a fara jawo ruwa kafin a kawo ni. Yaya ka kai ta ta wuni can ita kaɗai, ba kai tsaye kusa da ita kana cewa kin ga iska ba.

Ɗan Adar:
Hajiya gaskiyarki, ruwan nan mu ma mun sha wuya shekara biyu kahin a yi shato, babban tankin ruwa. Na manta ne.

Maman ƴan biyu:
Ka manta don ba kai ke ɗauka ba.

Mai kabu-kabu:
Patron yi lissafin hanya. A ce kilomita 20 zuwa 20 dawowa, da ƴan kewaye-kewaye litir ɗaya da rabi a rana, esans 499, wata ɗaya ka doshi jika 20 ke nan, ban sa bidanj da faci da sarƙa ba, laterit na cin moto kamar me. In babbar ta ci jarabawa ta shiga kolej kuma ka ce sai na cikin gari to ga wani kuɗin motar faba-faba kullum. Sannan hanya na yankewa. Agustan 2024 da ruwa ya rufe gudron a Sorey ba da kwalekwale ake ƙetara mutane ba? Ni na kwana biyu ban ga gida ba. Ba hana ka nake ba, amma jika 60 ɗin da kake gudu kusan rabinta za ta bi ka a hanya.

Malamar lekol:
In za ku tashi ku jira hutu, kar ka cire yarinya tsakiyar CM2. Ka je ka ga lekol ɗin da ke kusa da idonka, aji nawa ne na siminti nawa ne na zana, don na zana sai damina ta wuce ake kafa su, yara na rasa makonni. Ka kuma gwada rezo a tsaye cikin parsel ɗin, akwai wuraren da sai ka hau tudu.

Alhaji na Katako:
Ni a ganina kuna haɗa magana biyu. Sayen fili daban, tashi daban. In takarda ta yi kyau kuma ba hanyar ruwa ba ne, saya ka ajiye, fili ba ya ruɓewa. Amma miliyon ɗaya da rabi ɗin nan shi ne duk abin da kake da shi, da me za ka yi ginin? Kullum ina ganinsu nan suna sayen siminti buhu biyar biyar, ƙarfe sanda uku, shekara bakwai gida bai kai linto ba kuma suna biyan haya. Can waje yashi da tsakuwa sun fi sauƙi amma ruwan gini saye za ka yi, kayan da ka ajiye kuma in ba gardi sai ka tarar an kwashe. Fara da katanga da ɗaki ɗaya ko na banko ne, ka sa wani ya zauna yana shuka wake, filin da ba kowa shi ake saidawa sau biyu. Kuran kuma kar ka damu da shi sosai, mu na cikin gari da Najeriya ta yanke layi a Agustan 2023 ai masu pano ne suka riƙa mana dariya.

Tsohon maso:
Alhaji ya faɗi daidai. In ƙara, gidajen da aka gama ba kowa ciki suna da yawa can, masu su na neman wanda zai zauna ko don tsaro. Kama haya mai sauƙi ka yi damina ɗaya da iyalinka, ka ga hanya ka ga sauro, don kusa da shinkafa sauro ba ya hutu ko da rani.

Mai tambaya:
Ƴan uwa Allah ya saka da alheri, ga yadda ake ciki. Asabar na koma ni kaɗai ban gaya wa abokina ba. Na samu wani dattijo yana gyaran darni, da ɗan Zabarmancina da ɗan Hausarsa muka fahimci juna, ya ce parsel ɗin kanta ruwa ba ya kwana amma hanyar shiga kori ke yanke ta, in an yi babban ruwa sai a jira ya wuce. Mai wurin kuma da na matsa sai ya fiddo takardar maigari, ya ce gonar babansu ce su bakwai, wai sauran ba matsala. Na ce to a kira su, ya ce biyu na Gana. Na ce ina jira. Daga nan bai sake maganar wancan mai so ɗin ba. Madam ta karanta abin da Maman ƴan biyu ta rubuta har sau biyu, ta yarda ranar Lahadi in kai ta gidan wata ƴar garinsu da ke Ndunga ta wuni, amma ta ce in sani zuwa gani ne ba tashi ba. Wanda ya san gidan haya ɗaki biyu kusa da gudron ta wajen, mai ruwa, don Allah ya taɓa ni ta pirive.

Maman ƴan biyu:
Ka ce mata ta zo da takalmin roba, kuma in kun wuce ta wajenmu ku tsaya ku karɓi ƙwan zabi.