Tubalan wasa na koyarwa: sun cancanci kuɗinsu?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Ina da yara biyu, babbar shekararta 8, ƙaramin kuma bai cika 3 ba. Na daɗe ina ganin kwalayen tubalan roba irin na LEGO da ake cewa na koyarwa ne, wasu har da ƙaramin inji da na'urar da ake haɗawa da kwamfuta, amma duk sanda na ji kuɗinsu sai jikina ya yi sanyi. Shin yaro yana ƙaruwa da wani abu da ba zai samu a kayan wasa masu araha ba, ko kuwa sunan kamfani kawai ake biya?

Malamin Firamare:
Wa'alaikumussalam, Hajiya. Amsar ta danganta da irin kwalin. Akwai wanda aka tsara don a gina abu guda, kamar mota ko jirgi, yaro ya bi littafin umarni shafi bayan shafi, ya gama cikin yini ɗaya, a ɗora a kan kabad, daga nan kuma kowa ya riƙa tsoron kada a rushe shi. Wannan yana koyar da haƙuri da bin tsari, amma amfaninsa bai kai tsadarsa ba. Wanda nake gani yana aiki a aji shi ne tubala zalla masu yawa, domin yaron da hasumiyarsa ta faɗi sau uku yakan gano da kansa cewa dole gindi ya fi sama faɗi, kuma dole tubali ya hau mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda magina suke yi. Har rabi da kwata nakan koyar da su, tunda tubali mai ƙusoshi 4 (wato 'yan tudun da ke samansa) rabin mai 8 ne, kuma yaro yana gani da idonsa.

Baban Injiniya:
Na yarda da Malam, sai dai ina so in ja hankalinki game da masu na'ura, domin a nan kuɗin yake. Kamfanin LEGO na ƙasar Denmark ya yi rajistar tsarin tubalinsa a 1958, kuma tubalin wancan lokaci har yau yana kama na yanzu daram. Na'ura ba ta da irin wannan tsawon rai. Mindstorms, wani kwalin LEGO mai na'ura, wanda aka fara sayarwa a 1998 kuma makarantu da dama suka dogara da shi, an daina yin sa a ƙarshen 2022. Kwali irin wannan yana rataye ne a kan manhaja da batir, kuma ranar da manhajar ta daina aiki a sabuwar kwamfutarki, abin da ya fi tsada a cikinsa ya zama ado. Ga shi kuma idan babu babba da zai zauna da yarinyar a makonnin farko, da wuya ta wuce darasi na biyu. Ni na saya wa ɗana, kuma gaskiya na fi shi wasa da shi.

Anti Mai Reno:
'Yar'uwa, kada ki manta da ƙaramin. Ƙananan tubalan ba na yaron da bai kai shekara 3 ba ne, saboda yana iya haɗiyewa ya shaƙe, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin kwali. Nasa su ne manyan, irin Duplo, waɗanda suka ninka na yau da kullum a tsawo da faɗi. Game da masu araha kuwa, wa'adin rajistar LEGO ya daɗe da ƙarewa, don haka wasu kamfanoni suna yin masu shiga da nasu. Wasu suna da kyau, wasu kuma ko dai su ƙi kamawa ko su kafe har yaro ya sa haƙori wajen cirewa, don haka ki fara gwada ƙaramin kwali.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da tubala zalla, in bar mai inji sai na ga ko za ta riƙa komawa kansu ba tare da an ce mata ba. Malam, guda nawa kake ganin za su ishe ta farawa?