A cire shingen ƙofar wurin shaƙatawa, ko a buɗe wa masu keken guragu ƙofar gefe?

Shugaban kwamiti: Assalamu alaikum jama'a. Ga abin da kwamitin kula da wurin shaƙatawa ya tsayar, ina so kowa ya tofa albarkacin bakinsa kafin mu kai takarda ga hukuma. Shingen ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke babbar ƙofa zai ci gaba da zama, domin shi ya raba mu da masu kutsowa da babur cikin yara. Matakala uku da ke bayansa ma za a bar su. Masu keken guragu da masu dogara sanda za a gyara musu ƙaramar ƙofar gefe, a zuba gangare na siminti, a sa kwado, makulli yana hannun mai gadi. A ganinmu an raba gardama ke nan, yara sun tsira, masu lalura sun samu hanya.

Mai Keke: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, da girmamawa nake cewa ba a raba ta ba. Shekara 9 ke nan ina kan keke, kuma na san ƙofa mai kwado. Akwai wani wurin da aka yi irin wannan tsari, na je da ɗiyata wata yamma. Ita ta ratsa shinge da gudu ta shige, ni na zagaya ta baya, ta gefen da ake tara shara, na tarar da kwado. Mai gadi ya ɗan fita, makullin na aljihunsa. Ina hango ta ta tsakanin ƙarafa tana kan lilo tana kira, "Baba zo ka tura ni." Da ta gaji sai ta sauko ta zo ta riƙe ƙarfen ƙofar, ita a ciki ni a waje. Mutumin ya dawo ya yi ta ba ni haƙuri, ban ga laifinsa ba. Amma yarinyar ba ta sake cewa mu je can ba. Ku idan kun zo ba ku neman kowa kafin ku shiga, abin da nake so ke nan. Sannan ku tuna da fita. In an kulle bayan na shiga, wani abu ya taso, wa zan kira?

Maman 'yan biyu: Yaya, wallahi labarinka ya taɓa ni. Amma ni ma ina da nawa. Kafin a sa shingen nan, a gabana wani yaro ya shigo a guje da babur, hannun babur ɗin ya fizge jakar da ke kafaɗar ɗana. Taku ɗaya ne tsakaninsa da taya. Ni dai in za a cire ƙarfen nan a gaya mini me zai tsaya a madadinsa.

Baba mai ritaya: Ni tambayata ɗaya. Kullum da safe ina zagaye a wurin nan, ban taɓa cin karo da mai keken guragu ba. Mutum nawa ne za a rushe ƙofa dominsu?

Malamar gashin ƙashi: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ta ina za su shiga har ka gan su? Suna gida. Ni nake zuwa in same su a ɗaki, in ce su riƙa fita suna motsa jiki, su ce mini ina za mu je. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da nakasa mai tsanani. Kuma yawancin waɗanda nake gani ma ba su da keke. Akwai wanda shanyewar ɓarin jiki ta bar shi yana jan ƙafa ɗaya, akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa, akwai wanda aka yi wa aikin ƙugu yana tafiya da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Irin waɗannan ƙirga taku suke yi. In ka ce su zagaya ƙofar gefe, ƙarfin da suka tanada don shan iska ya ƙare a bakin katanga. Shi ya sa ma nake roƙon a sa benci mai majingina da madafar hannu daf da ƙofa, domin tashi daga benci marar madafa aiki ne babba ga mai raunin cinya.

Injiniya: Bari in sa awo a maganar, don na je wurin da tef jiya. Matakalan uku, kowace santimita 15, tsayin duka 45. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ƙarƙashin dokar nakasassu ta 1990 ita ce gangare kada ya fi 1 cikin 12 tsauri. Ma'ana duk santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Namu zai ci mita 5.4 ke nan. A ƙofar gefe filin da ke tsakanin ƙofa da magudanar ruwa bai kai mita 3 ba. Duk wanda ya matse gangare a nan, abin da zai fito ba mai hawa shi da kansa, mai saukowa kuma keken na iya kwace masa. A babbar ƙofa kuwa akwai fili ta hannun dama in aka bi jikin katanga.

Kuma ba tsaurin kaɗai ba ne. Faɗin gangaren kada ya gaza santimita 91.5, a sama da ƙasa a bar shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawon mita ɗaya da rabi inda mutum zai tsaya ya juya, a sa ƙarfen riƙewa hagu da dama. Abin da magina suka fi mantawa shi ne bakin gangaren. Sai a gama aiki a bar ɗan tudu kamar kaurin yatsu biyu inda siminti ya haɗu da hanya. Ƙananan tayoyin gaba na keke a nan suke cijewa, mutum ya tafi gaba keke ya tsaya. Tsakuwar da aka baza daga ƙofa zuwa wurin lilo ma haka take cinye su.

Shugaban kwamiti: Injiniya, na ji batun fili. To in aka bar kwadon amma aka yanka wa kowane mai lalura makullinsa fa? Na ji ana yin haka a Ingila.

Injiniya: Ana yi, ranka ya daɗe. Makullin RADAR suke ce masa, iri ɗaya ne a faɗin ƙasar, an fi amfani da shi a banɗakunan nakasassu, akwai kuma wasu ƙofofin hanyoyin ƙafa da yake buɗewa. Sai dai a can ɗin ma, jagorar da ma'aikatar sufurinsu ta fitar a 2020 kan hanyoyin kekunan hawa na yau da kullum ta ce a guji irin wannan shinge mai lanƙwasa, saboda yana tare waɗanda suke da haƙƙin wucewa. Inda ake son hana mota, turakun ƙarfe ake kafawa da tazarar mita ɗaya da rabi.

Mai Keke: Makullin kaina ya fi na aljihun mai gadi, ban musa ba. Amma ku gwada a zuci: kana zaune, ka miƙa hannu ka buɗe kwado, ka ja ƙofa zuwa jikinka alhali kekenka ne a gabanta, ka ja da baya, ka shige, ka juyo ka kulle. Ni hannuwana lafiya lau, ina iyawa da ƙyar. Abokina da lalurar ta taɓa yatsunsa ko murɗa makulli ba ya iyawa. Baƙon da ya zo daga nesa kuma bai san da wani makulli ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku yarda da mu a wannan.

Maman 'yan biyu: Injiniya, kai nake jira. Turakun nan za su hana babur?

Injiniya: Ba za su hana ba, Hajiya, ba zan rufe ki ba. Duk tazarar da keken guragu mai batir zai wuce, babur ma zai wuce. Babu wani ƙarfe da zai tantance su. Abin da zan ƙara shi ne, jiya na ga sawun taya a wajen da waya ta yage ta bayan filin ƙwallo. Masu babur ɗin da suka ƙudura shiga suna shiga yanzu haka. Shingen ya rage su a babbar ƙofa, wannan gaskiya ne, amma waɗanda ya hana gaba ɗaya su ne su Yaya.

Maman 'yan biyu: To ai ragewar ma wani abu ce a wajen uwa.

Malamar gashin ƙashi: Wani abu ce, 'yar'uwa, ba wanda zai raina tsoronki. Amma mai gadin da aka ce zai riƙe makulli, me zai hana a mayar da rumfarsa bakin babbar ƙofa, aikinsa ya zama tare babur? A toshe wayar da ta yage, a kafa allo, a nemi hukuma ta riƙa cin tarar wanda aka kama. Wurin wasan ƙananan yara kuma a kewaye shi da gajeren shinge mai ƙofa mai faɗi da ke rufe kanta. Shi mai laifin a bi shi da hukunci. Sannan ba alfarma ake nema ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu ta 2006 ta yi maganar samun shiga wurare a sashe na 9, sashe na 30 kuma ya ambaci nishaɗi da hutu da wasanni ƙarara.

Baba mai ritaya: Malama, kin sa na tuna matata. Tun da gwiwarta ta matsa ta daina bina zagaye, ni kuma na ɗauka ganda ce. Ɗazu na tambaye ta, ta ce matakalan nan uku ne, hawa ba ya damunta kamar saukowa, babu abin riƙewa. Shekara biyu ban tambaya ba.

Maman 'yan biyu: Ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. In za a cire, a fara toshe wayar da matso da mai gadi, in gani da idona, sannan a taɓa shingen. Kuma a rubuta wanda zai ɗauki alhaki in mai gadi ba ya nan.

Mai Keke: Na yarda da wannan jerin, Hajiya, ni ma uba ne. Sharaɗina kawai a sa rana, kada "sannan" ta zama shekara.

Shugaban kwamiti: To, takardar ba za ta tafi wannan makon ba. Ranar Asabar ƙarfe 4 mu haɗu a babbar ƙofa. Injiniya ka zo da tef da zanen gangaren ta hannun dama. Hajiya ki nuna mana daidai inda babur ɗin ya bi ranar nan. Malam Mai Keke, in kana da wani keken a gida ka taho mini da shi, ina so in zauna a kai in gwada ƙofar gefen da kaina kafin in sa hannu a komai.

Mai Keke: Akwai tsohon nawa, zan sa a hura masa iska. Sai dai a samu mai tsaya maka a baya, ranka ya daɗe, saboda magudanar ruwan nan ba ta da murfi.