Bayan shekaru a gida, ta ina zan fara koyon aikin kwamfuta?

Uwar yara huɗu, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Na kammala difloma kan lissafin kuɗi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a 2012, daga nan aure da reno suka riƙe ni, sai bana da autana ya shiga firamare na samu sarari. Da na je neman aiki a wani ofishi, aka zaunar da ni gaban kwamfuta aka ce in haɗa lissafin albashi a manhajar lissafi ta Excel, na yi ta kallon layukan har gumi ya jiƙa mini hijabi. Shin mace mai shekara 36 za ta iya shiga wannan fage?

Malamar makaranta, Argungu:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki nemi shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani, wanda Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a 2023 tare da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA. Horon kyauta ne, kuma rukunin farko ya ɗauki mutum 30,000. Shawarata ita ce ki zaɓi nazarin bayanai, domin wadda ta san shigar kuɗi da fitarsu ta riga ta ci rabin hanya. Kada ɗokin ƙirƙirarriyar basira ya sa ki tsallake tushe.

Mai tattara bayanai, Yawuri:
Hajiya, akwai ƙofar da ta fi kusa. Ƙungiyoyin lafiya da na noma suna tattara bayanai da manhajar KoboToolbox, wadda ke aiki a wayar Android ko babu intanet, sai an samu sabis a tura. A ƙauyuka ni kan tsaya a zaure, domin namiji ba ya shiga cikin gida, abokiyar aikina ce ke zama kan tabarma da matan gida tana tambayarsu game da awo da rigakafi, kuma abin da suke faɗa mata ba za su taɓa faɗa mini ba. Uwa irinki, shekarunta ma daraja suke ƙara mata a wurinsu.

Uwar yara huɗu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Damuwata yanzu ita ce wuta da kwamfuta. Ƙanena ya yarda ya ara mini tasa daga bayan isha'i, kuma na shiga adashi domin in sayi ta hannu kafin damina. Malama, a taimaka mini da darasin Excel da zan fara da shi a daren yau.