Umma na shan maganin ciwon jiki kala uku a rana, ga hawan jini, ku ba ni shawara

Wata 'yar uwa (ta ce a ɓoye sunanta):

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Maganar mahaifiyarmu ce ta hana ni sukuni. Shekarunta sun haura 60, tana da hawan jini, asibiti sun ɗora ta a kan lisinopril da wata ƙaramar ƙwaya mai sa fitsari. Sai ga ciwon gwiwa ya sako ta gaba, yanzu har sallah a zaune take yi. Ƙanina ne ke sayo mata magani a kemis ɗin bakin layinmu. Da safe diclofenac take sha, da rana in ciwon ya motsa ta ƙara da ibuprofen, da daddare kuma akwai haɗin da ake ƙulla mata a 'yar farar leda, ƙwayoyi kala-kala, ba kwali ba suna, wai maganin gajiya. Ta fi wata biyu a haka. Sau da yawa kafin ta karya take haɗiye na safen da ruwan shayi, ga shi ba ta barin azumin Litinin da Alhamis.

Satin nan ta fara kukan ƙahon zuciyarta na mata zafi, na kuma lura ƙafafunta sun ɗan kumbura, har silifas na yi mata shaida. Jiya zazzaɓi ya rufe ta, ta ƙara ibuprofen biyu. Da na yi magana sai ta ce mu yaran zamani komai tsoro, ita ta san jikinta. Don Allah masu sani, wannan shan maganin yana da illa ne ko ni ce ke zuzutawa? Me zan ba ta na zazzaɓin? Kuma ta yaya zan shawo kanta ba tare da ta ga na raina ta ba?

Maman 'Yan Biyu:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai asibiti zan ce, amma bari Sista ta zo, ita ce ta san kan abin.

Sista (ma'aikaciyar jinya):

'Yar uwa ba zuzutawa kike ba, kin ma yi ƙoƙari da kika lura da kumburin ƙafar. Diclofenac da ibuprofen sunansu ne ya bambanta, amma dangi ɗaya ne, aiki ɗaya suke yi. Haka piroxicam da naproxen da asfirin. Ba a haɗa biyu daga cikinsu a lokaci guda. Sauƙin ciwon ba ya ninkuwa, illar ce ke ninkuwa.

Ga yadda abin yake. Akwai wani sinadari da jiki ke yi wanda shi ke kawo kumburi da zafi da zazzaɓi, waɗannan magungunan aikinsu su hana jiki yin sa. Matsalar ita ce sinadarin nan yana da wasu ayyukan na alheri: shi ke sa tumbi ya fitar da majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narka abinci, shi ne kuma ke taimakawa jini ya riƙa isa ƙoda yadda ya kamata. To in aka danne shi safe, rana da dare har wata biyu, ciki ya rasa kariya, sai gyambon ciki, wani lokaci har ya yi jini. Ƙoda kuma ta fara riƙe gishiri da ruwa, ƙafa ta kumbura, jini ya ƙara hawa duk da ana shan maganinsa.

Abin da ya fi tayar min da hankali a labarin Umma shi ne haɗuwar abu uku: lisinopril, da mai sa fitsari, da maganin kumburi irin su diclofenac da ibuprofen. Wannan haɗin sananne ne a asibiti wajen durƙusar da ƙoda, balle ga mai shekaru, balle kuma a ranar azumi da zazzaɓi, lokacin da ruwan jiki ya ragu. Kada ki jira Litinin. Ki ɗauke diclofenac da ibuprofen ɗin yau, ki kai ta asibiti a auna jininta, a yi gwajin ƙoda, a duba yawan jini, a kuma yi gwajin maleriya saboda zazzaɓin. Maganin hawan jinin kuwa kada ki taɓa shi da kanki, likita ne zai ce a ci gaba ko a dakata.

Kafin ku fita ki tambaye ta kalar bayan gidanta. Na san tambaya ce mai nauyi tsakanin 'ya da uwa, ki daure. In baƙi ne wuluk mai danƙo kamar kwalta, ko ta yi amai da jini, ko jiri na ɗibarta in ta miƙe, ko fitsarinta ya ragu sosai, ko numfashi na mata wuya, to sashen gaggawa za ku nufa ko da tsakar dare ne.

Na zazzaɓi ki ba ta farasitamol, ƙwaya biyu masu miligiram 500, tazarar awa 6 tsakani. Iyakarsa ga babba ƙwaya 8 a awa 24, wato giram 4, ga tsohuwa mara jiki kuma gara a tsaya ƙasa da haka.

Direban Tirela:

Sista da girmamawa, amma fa ni shekara da shekaru ina shan irin wannan in na sauke kaya, ban taɓa ganin komai ba. Sirrin kawai a sha da madara ko fura. A ba Hajiya da kunu mai kauri shi ke nan.

Sista:

Malam, Allah ya ƙara tsarewa. Shan sa bayan an ci abinci daidai ne, yana rage ƙwarnafi da murɗar ciki. Amma maganin ta cikin jini yake bi ya raunana bangon tumbi, shi ya sa ko allurarsa aka yi wa mutum tana iya jawo gyambo. Fura ba ta isa can ba, ba ta kuma san hanyar ƙoda ba. Ita ƙoda ba ta cika yin ciwo ba sai ta yi nisa. Kai da kake wuni a zafin hanya kana taƙaita shan ruwa don kar ka yawaita tsayawa, da za ka je a yi maka gwajin nan da na ji daɗi.

Mai Kemis:

Na san za a zage mu a nan, to bari in faɗi abin da na sani tunda sana'ata ce. Haɗin da ake kira na gajiya ba shi da tsayayyen tsari, kowa da nasa. Abin da aka fi zubawa shi ne farasitamol, da diclofenac ko piroxicam, da ƙwayar bitamin don kala, wasu kuma su jefa dexamethasone ko prednisolone. Waɗannan biyun na ƙarshe su ke sa mutum ya tashi garau da safe ya ce wane ya iya haɗi. Kuma su ne in suka haɗu da diclofenac haɗarin jini a ciki ke ƙaruwa, ga tayar da suga da hawan jini, ga kumbura fuska.

Ina so in ƙara abu ɗaya a kan maganar Sista. In har akwai dexamethasone ko prednisolone a ledar nan, kuma Hajiya ta yi wata biyu tana sha kullum, yanke shi rana ɗaya yana da nasa haɗarin. Jiki ya saba, ya rage yin nasa sinadarin da waɗannan ƙwayoyin ke kwaikwayo, ana iya samun kasala mai tsanani da faɗuwar jini. A hankali likita ke janye shi. Don haka kada ki zubar da ledar, ki tafi da ita asibiti yau ɗin, ki kuma tura ƙaninki ya tambayi mai shagon sunan kowace ƙwaya ya rubuto a takarda. Ya yi tambayar cikin lalama, in ya je da faɗa ba za a gaya masa gaskiya ba.

Mu ma fa muna shan matsi. Mutum zai zo da 'yan canjinsa ya ce a haɗa masa mai ƙarfi, in ka ba shi farasitamol kaɗai ya ce ba ka iya aiki ba ya wuce shagon gaba. Ba uzuri nake kawowa ba. Ni dai na daina ba da ƙwaya tsirara, in ba a cikin katinta take da suna da lambar NAFDAC da ranar lalacewa ba, ba ta fita daga shagona.

Sista:

Wannan gyara ne mai kyau, na gode Malam. A tafi da ledar.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, jikina har ya yi sanyi. Na tambaye ta, da ƙyar ta amsa, ta ce bayan gidan bai canza ba. Amma ta ce ba inda za ta, ranar ganin likitanta sai wata mai zuwa.

Hajiya Babba:

'Yata, ki saurare ni, ni sa'ar mahaifiyarki ce kuma gwiwar nan ni ma ina fama. Kuskuren da kuke yi shi ne ku zo ku kwashe magani ku bar mutum da ciwonsa. Wanda bai kwana da ciwon gwiwa ba bai san dalilin da ya sa take riƙe da ledar nan ba. Kada ki ce mata maganinta guba ne, za ta ji kamar kin ce ba ta da hankali. Ki ce ƙafar da ta kumbura ce ta dame ki, kina so a auna jinin a kuma canza mata maganin gwiwa da wanda ya fi wannan. In ta ƙi, ki kira wanda take jin nauyinsa, yayanta ko babban ɗanta, ya ce ga mota nan ya turo. Mu tsofaffi ba ma son a ba mu umarni daga ƙasa, amma muna jin kunyar a turo mota ta koma ba kowa.

Ni abin da likita ya ba ni diclofenac ɗin ne amma na shafawa, ina murza shi a gwiwar, kaɗan ne ke shiga jini in aka kwatanta da na haɗiya. Ko shi ɗin ki bari likita ya amince tukuna tunda ana zargin ƙoda. Sai gashi da tawul da ruwan ɗumi da safe, da motsa ƙafa da 'yan gashin ƙashi suka koya min ina zaune a kujera. Sandar da na yi shekara ina ƙi saboda kar a ce na tsufa, yanzu ita ce ƙawata. Azumin nafila kuma ta ɗan ajiye har a ga sakamakon gwaji, addini bai ce ta cutar da kanta ba.

Ummu Khairi:

Afuwan zan ɗan shigo da tawa. Cikina wata shida, bayana kamar zai ɓalle, ina da ibuprofen a gida. Kuma yarona ɗan shekara huɗu in ya yi zazzaɓi kakarsa kan ɓantara masa asfirin. Ya halatta?

Sista:

Duka biyun a'a. Daga sati 20 na ciki zuwa sama ana guje wa ibuprofen da danginsa sai in likita ne ya rubuta, domin suna iya taɓa ƙodar jariri ruwan mahaifa ya ragu. Hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2020. A watannin ƙarshe kuma suna iya rufe wata jijiya a zuciyar jariri kafin lokacinta. Farasitamol za ki sha, ki kuma faɗa musu a wajen awo.

Asfirin kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba. Akwai wata cuta da yake iya tayarwa bayan mura ko ƙarambau, tana kama hanta da ƙwaƙwalwa, ba ta da yawa amma tana kisa. Ki kuma duba garin maganin nan na takarda da ake kaɗawa a ruwa, irin su Alabukun, asfirin ne a ciki da sinadarin caffeine irin na kofi, na manya ne. Yaro a ba shi farasitamol na ruwa gwargwadon nauyinsa, da 'yar murfin awon da ke cikin kwalin, ba cokalin cin abinci ba. Ibuprofen na yara yana da amfani, amma ban da yaron da ke amai da gudawa, ko mai ƙarambau, ko wanda asma ke tasar masa in ya sha. Sannan saukar da zazzaɓi ba warkar da shi ba ne, a yi gwajin maleriya a ranar. In zazzaɓi ya zo da zubar jini ta hanci ko dasashi, kada a kusanci asfirin ko ibuprofen sam, a tafi asibiti, saboda irin su Lassa da dengi.

Abu Sumayya:

To mu masu lafiya fa, kun tsorata mu. Kenan a daina shan ibuprofen gaba ɗaya?

Mai Kemis:

A'a, magani ne mai kyau in an bi ƙa'ida, ga ciwon haƙori da ciwon mara ma ya fi farasitamol aiki. Babba mai lafiya ya sha miligiram 200 zuwa 400, bayan abinci, da ruwa sosai, kada ya wuce 1,200 a rana in ba likita ya ce ba. Zazzaɓi in ya wuce kwana 3, ko ciwo ya kai kwana 10, a daina saye a je a duba. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, waɗannan su tambaya kafin su taɓa.

Mai tambaya:

Alhamdulillah, dabarar Hajiya Babba ta yi aiki, na kira Kawu. Mun je, jinin ya hau sosai, an ɗebi jini na ƙoda sai gobe za mu karɓa. Maleriya ta fito an ba ta magani, an ƙara mata omeprazole na ciki. Likitan ya karɓi ledar da takardar da ƙanina ya rubuto, akwai prednisolone a ciki kuwa, ya tsara yadda za a rage shi. Tambaya ta ƙarshe Sista, tana ɗan mura, zan iya ba ta maganin mura tare da farasitamol ɗin?

Sista:

Kada ki ba ta tukuna. Yawancin ƙwayoyin mura akwai farasitamol a cikinsu, in kika haɗa za ki wuce adadi ba ki sani ba, hanta ce ke ɗauka. Da yawansu kuma suna da sinadarin buɗe hanci da ke ƙara hawan jini. Ki yi mata shayi mai ɗumi da citta da zuma yau, gobe in kun je karɓar sakamako ki tafi da kwalin ki nuna wa likitan.