Mene ne haɗin masauki da ciwon fatar ma'aikatan gona 'yan Latin Amurka?

Ɗalibar Lafiya: Assalamu alaikum. Ina nazari a kan 'yan ci-rani daga Meziko da ke aikin gona a Amurka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake danganta ciwon fatarsu da ɗakunan da suke kwana, alhali zafin rana da maganin ƙwari a gona suke. Don Allah masana su haska mini.

Ma'aikacin Jinya: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na yi aiki da su a gonakin taba na jihar Karolina ta Arewa, kuma abin da na gani shi ne gona ce ke kawo cutar, masauki kuma ya raine ta. Mutum yakan wuni cikin takalmin roba, ya dawo jiƙe da gumi da danƙon ganyen taba, ya tarar da layi a banɗaki, ruwan zafi ya ƙare, sai ya kwanta haka, washegari ya sake saka rigar jiya domin ba ta samu wanki ba. Na duba wani saurayi da tsakanin yatsun ƙafarsa ya yi fari ya tsage, faratansa suka yi kauri, kuma abokan ɗakinsa duk haka suke, domin daɓen wanka ɗaya suke takawa. Ƙazuwa da kuɗin cizo kuwa ta katifu da cunkoso suke yaɗuwa.

Mai Bin Dokoki: Ƙa'idar OSHA, hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata ta Amurka, ta tanadi famfon wanka ɗaya ga mutum 10, wurin wanki ɗaya ga mutum 30, da ƙafa murabba'i 50 ga kowane mai kwana. Wanda ya ɗauko ma'aikaci da bizar H-2A, wato bizar aikin gona na wucin gadi, kuma dole ne ya ba shi masauki kyauta. A ganina adadin nan ya yi kaɗan ga mutanen da duk lokaci guda suke tashi daga aiki.

Ma'aikacin Jinya: Gaskiyarka, malam, amma akwai abin da ya fi wannan damuna. Bizar tana ɗaure ne da mai gonar, saboda haka wanda famfonsa ya lalace yakan yi shiru, don tsoron kada a ƙi kiransa baɗi. Da yawa sai ƙaiƙayi ya hana su barci suke zuwa wurinmu.

Ɗalibar Lafiya: Na gode ƙwarai. Zan mai da hankali kan batun wurin wanki, domin ban taɓa kawo shi a raina ba.